Yadda na shiga gayyar gasar tsallen zamiya a Brattleboro

Mutum uku ne suka tsare ni a ƙofar masallaci bayan Juma'a, kowa da tambayarsa a kan tafiyar da na yi Brattleboro, inda na yi aikin sa-kai a gasar tsallen zamiya kan dusar ƙanƙara. Ɗaya yana son sanin ko aikin sa-kai ba zai taɓa masa biza ba, na biyu nawa na kashe, na ukun kuwa cewa ya yi shi dai in gaya masa tsakani da Allah ko mutanen nan da ke faɗowa daga kan tudu lafiyarsu ƙalau. Sai na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, har da wuraren da na tafka wauta, don mai zuwa bayana kada ya taka ƙayar da na taka. Ni ɗalibi ne a wata jami'a da ke yammacin jihar Massachusetts a Amurka, mutumin Zariya. Kafin wannan tafiyar, iyakar hulɗata da dusar ƙanƙara ita ce in tattake ta daga ƙofar gida zuwa inda bas ke tsayawa, ina tafe ina tsine wa sanyi.

Abin ya samo asali ne daga wani dattijon Bature da ke gyara mana na'urori a ɗakin gwaji. A watan Disamba na ga hoton wani mutum a sararin sama manne a jikin gorar shayinsa, ƙafafunsa ɗaure da dogayen alluna biyu, na tambaye shi. Ashe na tsokano tsuliyar dodo. Ya ajiye sukundireba ya shiga ba ni tarihin garinsu. Brattleboro ƙaramin gari ne a kudancin jihar Vermont, a gaɓar kogin Connecticut, mutanensa wajen 12,000. A 1922 wani ɗan garin mai suna Fred Harris, wanda tun yana ɗalibi ya kafa ƙungiyar wasannin daji ta kwalejin Dartmouth a 1909, ya jagoranci gina wurin tsalle a kan wani tudu da ke bakin titin Cedar. Daga baya aka sa wa tudun sunansa, Harris Hill. Duk shekara a tsakiyar Fabrairu, ƙarshen makon da ke haɗe da hutun Ranar Shugabanni, ake gasar. Tudun na mita 90 ne, irin girman da ake tsalle a kai a Olamfik, kuma babu na biyunsa a duk yankin New England, wato kusurwar arewa maso gabashin Amurka. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ya ce bayan gasar 2005 an rufe wurin saboda katakan sun tsufa, mutanen gari suka yi karo-karo har kusan dala 600,000, aka sake gini, aka buɗe a 2009. Ya ce ba kamfani ne ke riƙe da gasar ba, maƙwabta ne, kowa da abin da yake kawowa. Na ce masa ai mu ma muna da sunan wannan, gayya. Ya sa na maimaita kalmar sau uku, sannan ya ce to in zo a yi da ni.

Ban amsa nan take ba, saboda biza. Duk mai bizar ɗalibi ta F-1 ya san ba a wasa da maganar aiki: a cikin makaranta awa 20 ne a mako lokacin karatu, a waje kuwa sai da izini na musamman. Na nemi ganin jami'ar da ke kula da ɗaliban ƙasashen waje, amma da yake an shiga hutun ƙarshen shekara sai da na jira kwana 12 kafin a ba ni lokaci. Na je da fasfo da takardar I-20, wadda makaranta ke ba ɗalibin waje, da katin makaranta, na zauna minti 25 a kan benci, ganawar kanta ba ta wuce minti goma ba. Tambaya uku ta yi min. Shin ƙungiyar ta neman riba ce? Na ce a'a. Shin aikin da zan yi akwai wanda ake biya ya yi irinsa? Na ce kwasar dusa ce da nuna wa motoci wurin tsayawa, kowa kyauta yake yi. Shin za a ba ni wani abu? Nan na ɗan yi jim, na ce an ce akwai shayi da abin taɓawa, kuma masu aiki ba sa sayen tikiti. Ta ce wannan ba lada ba ne, amma in kiyayi karɓar kuɗi ko katin sayayya ko da da sunan godiya ne. Har na miƙe sai na tuna shawarar wani yayanmu da ya daɗe a ƙasar, na roƙe ta ta rubuto min abin da ta faɗa ta imel. Washegari ya iso, layi huɗu. Ba wanda ya taɓa neman in nuna shi, amma da shi na samu barci.

Daga nan sai inshorar lafiya. Na kira lambar da ke bayan katina ina son sanin abu ɗaya: in na zame na karye a wata jiha, ya za a yi? Minti 40 na yi ina sauraron kiɗa, aka miƙa ni ga mutum na biyu, layin ya katse, na sake daga farko. Daga ƙarshe wata mata ta ce jinyar gaggawa tana ciki ko a ina ne a ƙasar, amma akwai kason da zan biya daga aljihuna, har da na motar asibiti. Na rubuta lambar shaidar kiran a bayan littafina. Wanda bai san tsadar asibiti a Amurka ba zai ga kamar na cika tsoro, wanda ya sani kuwa ba sai an yi masa bayani ba.

A farkon Janairu na aika sunana ga masu shirya gasar ta shafinsu na intanet. Mako biyu shiru. Har na fara cewa a raina ƙila sun ga sunan baƙo sun share, na ma faɗa wa dattijon cikin raha. Ya ce in duba akwatin da imel ke jefa saƙonnin banza. Wallahi amsar tana can tun kwana biyu da aikawata, da gaisuwa da godiya da jerin ayyuka a zaɓa. Kunya ta kama ni, don zargin da na yi wa bayin Allah ba su ji ba ba su gani ba. Na zaɓi ranar gyaran tudu, Asabar ɗin da gasa ta rage mako guda, da kuma aikin filin motoci a ranakun gasar biyu. Akwai takardar da na sa wa hannu cewa na san wurin akwai santsi da haɗari kuma da yardata na zo. An nemi lambar wanda za a kira in wani abu ya faru, na fara rubuta ta Inna a Zariya, sai na yi tunanin a ce Bature ya kira ta da tsakar dare yana Turanci. Na goge na sa ta wani ƙanena a zama, ɗan Maraɗi, da ke digiri na biyu.

Ranar gyaran tudu ita ce ranar da ido ya raina fata. Dattijon ya ce min Asabar za ta yi kyau, zai kai 20. Na san da ma'aunin Fahrenheit suke magana, amma ban tsaya na juya lissafin ba, kalmar kyau ɗin kawai na riƙe. 20 ɗin nan a namu ma'aunin kusan 7 ne ƙasa da sifiri. Na saka kambas ɗina da safar auduga biyu, wandon jins, da babbar rigar sanyin da nake zuwa aji da ita, wadda ba ta taɓa ba ni kunya ba. Abin da ban lissafa ba shi ne tafiyar minti goma zuwa bas daban, yini a tsaye cikin dusa daban. Ya ɗauke ni a a-kori-kurarsa da sassafe, muka bi babbar hanyar I-91 muka yi arewa, ƙasa da awa guda muka sauka a mafita ta 2, ga titin Cedar nan kusa. Da na ɗaga kai na ga tudun sai da na ce Innalillahi. A hoto kamar gangare ne mai sauƙi. A zahiri farin bango ne a tsaye tsakanin itatuwa, da hasumiya a can ƙololuwa, da matakala a gefe da ta miƙe kamar ba za ta ƙare ba.

Aka ba ni shebur da wani ƙarfe mai faɗin baki na fasa ƙanƙara, aka ce ni da wasu mutum huɗu mu share matakalar, don a kanta 'yan kallo ke hawa su tsaya. Dusar da ke kan tudun ba duka ce ta sama ba. Makonni kafin gasa, duk daren da sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, akwai masu kwana suna kunna injinan da ke fesa ruwa ya daskare ya zubo, sannan a baje shi a danne. A cikin waɗanda muka yi aikin tare akwai malamar makaranta, akwai mai aikin famfo, akwai wani da ya ce kakansa ya kwashi dusa a wannan tudun, babansa ma haka. Ba wanda ya tambaye ni me ya kawo ni. Tambayar kawai ita ce matakala ta nawa na kai. Na fara ƙirgawa, na wuce 150 lissafi ya ɓace min, don a lokacin zufa ta jiƙa rigar cikina, iska ta bugo, rigar ta koma kamar an tsoma ta a randa. Yatsun ƙafata suka fara zafi, can suka daina, na ji daɗi a zatona sun saba. Wata dattijuwa da ke raba shayi ta kalli takalmana ta tambaye ni ko ina jin yatsuna. Na ce a'a, sun yi shiru. Ba ta yi dariya ba. Ta tura ni cikin mota aka kunna hita, ta ce in cire safar, kada in murza, kada in kanga su a bakin hitar, in bar su su dawo a hankali. Da jinin ya fara komawa sai da hawaye ya zubo min, ni da gemuna. Ta ba ni aron safar ulu daga jakarta, ta ce auduga tana riƙe gumi, a wurin nan ba a sa ta a jikin fata.

Da rana ta ɗaga na koma, kuma kafin a tashi dattijon ya ja ni har saman hasumiyar. Akwai wata sanda da aka gitta, a kanta mai tsalle ke zama kafin ya saki jiki. Daga nan hanya ta sulale ƙasa, siririya, inda ake yanka layi biyu a daskararriyar dusa daidai faɗin allunan. A ƙarshenta babu komai. Ba ka ganin inda za ka sauka, sai filin can ƙasa da motoci kamar gidan ashana. Cikina ya ɗuri ruwa, na riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu. Ya nuna min wani abu da ban taɓa zato ba: bakin da ake tashi daga kai ba sama ya kalla ba, ƙasa ya ɗan sunkuya. Wato ba tudun ke cilla mutum ba, shi ne zai miƙe da ƙarfin cinyarsa a daidai ƙiftawar idon da ya iso bakin, yana gudun kusan kilomita 90 a awa. In ya yi gaggawa ko ya makara, tsallen ya lalace.

A makon na yi sayayyar da ya kamata in yi tun farko, da ma an ce ba a fafe gora ranar tafiya. A shagon gwanjo na samu takalman dusa masu rufi a ciki a kan dala 40, na ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafata don safa ta samu wuri, domin takalmi in ya matse jini ba ya zagayawa. Safar ulu ƙafa biyu 24, riga da wandon ciki na roba-roba masu tsane gumi 30, safar hannu irin wadda yatsu huɗu ke zama ɗaki ɗaya 25, sai 'yan ƙunshin nan da ake girgizawa su yi ɗumi a sa a aljihu, dala 10.

Sufuri ya fi ba ni ciwon kai. Dattijon zai tare a garin tun Alhamis, don haka dole in nemi hanyata. Jirgin ƙasan Amtrak mai suna Vermonter yana tsayawa a Brattleboro, na yi murna, sai na duba jadawali: sau ɗaya yake wucewa a rana ta kowace fuska, mai zuwa arewa da yamma yake isa, mai komawa kudu kuma wajen azahar yake tashi. Ga wanda zai kama aiki da safe bai yi ba, sai dai ya kwana, masaukai kuwa a wannan ƙarshen makon sun cika ko sun yi tsada saboda hutu. Sai hayar mota. Na yi rajista ta intanet, na je ranar Juma'a da lasisina na Massachusetts da katin cirar kuɗi na banki. Yaron da ke kan kanta ya ce su katin bashi suka fi so. Na ce ba ni da shi. Ya shiga ciki ya fito ya ce to sai na kawo shaidar adireshi, kuma za su riƙe dala 200 a asusuna har in dawo da mota. Ba a rubuta wannan a inda ido zai gani ba lokacin da nake rajista. Na koma gida a bas na ɗauko takardar kuɗin wuta, na dawo saura minti 15 su rufe. Na so in sa ƙanen nawa a matsayin direba na biyu, aka ce bai kai shekara 25 ba, akwai ƙarin kuɗi kullum, muka haƙura. Hayar ta tashi 170, mai 25, muka raba biyu. Shi ya sayi tikitinsa ta intanet tun da saura mako, kuɗin bai kai na safar hannuna ba.

Asabar da asuba muka yi alwala a gida, muka cika gora biyu da shayi mai citta da kanumfari, muka zuba dabino da gyaɗa a leda. A bakin ƙofa aka duba sunana a takarda, aka ba ni riga mai ƙyalli, aka nuna min layina a fili. Aikin ba wuya, ɗaga hannu ne da nuni, amma awa uku ne a tsaye wuri ɗaya, kuma a nan na gode wa dattijuwar nan. Motoci suka yi ta shigowa da lambobin Vermont da New Hampshire da Massachusetts da New York, ana fito da yara a naɗe kamar dami, ana jan su a kan 'yan allunan roba. Kusan kowa da ƙararrawar shanu a hannu, irin wadda ake rataya wa saniya a wuya, ita ce tafinsu, tunda hannu cikin safa ba ya ƙara. Wayata kuwa da na bar ta a aljihun waje, daga kashi 70 ta mutu mus kafin sha ɗaya. Sanyi ke shanye batir. Da na mayar da ita aljihun ciki kusa da jiki sai ta farfaɗo.

Da aka karɓe ni na sami ƙanen nawa muka hau matakalar da na share da hannuna, muka tsaya wajen tsakiya, kusa da ɗakin alƙalai. Sai jira. Iska ta juya, aka dakatar, mai sanarwa yana ta cika lokaci da labarai. A nan na ji zancen kofin gasar mai siffar allon zamiya da fukafukai, wanda sai mutum ya ci sau uku yake tafiya da shi gida ɗungurungum. Na farkon da ya yi haka Torger Tokle ne, haifaffen Norway, a 1942, kuma bayan shekara uku aka kashe shi a fagen yaƙi a Italiya yana sojan Amurka. Ƙanena ya ce, “Yaya, anya yau za a yi kuwa? Ni fa kunnena ya fara barin jikina.” Na ce ya ja hula ya yi haƙuri. Iskar da ke bugo mai tsalle ta gaba taimakonsa take, ta baya tana danne shi, ta gefe kuwa ita ce mai kayar da mutum, shi ya sa ba a yi mata gardama.

Can sai kocin da ke tsaye a gefe ya sauke tuta. Kafin ka ga mutum sautinsa za ka fara ji, wani shuuu daga sama kamar ana yaga sabuwar shadda. Sai ga shi ya ɓullo daga bakin tudun, kwance a kan iska, kansa ya kusa taɓa gaban allunan, allunan a buɗe ta gaba a haɗe ta baya, hannuwa a gefe. Ya wuce ta gabanmu daidai tsayin idona, kusa har ina jin rigarsa tana kaɗawa. Ba can ƙololuwar sama yake ba yadda hoto ke nunawa, bin gangaren yake, tsakaninsa da ƙasa 'yan mitoci ne. Bai fi daƙiƙa huɗu ba sai tas, kamar an buga tabarma a ƙasa, ya sulale fili, ƙararrawa ta kaure. Na waiga na ga ƙanena baki buɗe yana salati. Ni ma ban san lokacin da na yi kabbara ba.

Sai da aka yi tsalle kusan goma kafin in gane lissafin, da taimakon wani tsoho da ke kusa da mu wanda ya yi tsalle a nan yana saurayi. Akwai jan layi a gangaren, wanda ya sauka a kansa yana da maki 60, kowace mita gaba a ƙara 2, baya a rage 2. Masu awo sun jeru a gefe, kowa yana lura da 'yan mitocinsa, inda ƙafafu suka dira nan ake ɗauka. Ga kuma alƙalai biyar masu duba kyan tashi da sauka, kowa daga 20 yake ragewa, a jefar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta a haɗa ukun tsakiya. Saukar da suke so ita ce ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan durƙushe, hannuwa a buɗe, sunanta telemak, daga yankin Telemark na Norway. Shi ya sa za ka ga wanda ya fi nisa an ba wani nasara a kansa. Tsohon ya ce a zamaninsu a haɗe ake riƙe allunan, buɗe su da ake yi yanzu wani ɗan Sweden ne, Jan Boklöv, ya yayata shi a shekarun 1980, alƙalai suna rage masa maki yana ci gaba da fin kowa nisa, har kowa ya bi. 'Yan ƙananan rassan kore da aka warwatsa a gangaren ma ba ado ba ne, don mai tsalle ya gane ƙasa ne, saboda fari a kan fari ido ba ya auna zurfi. Akwai baƙi daga Turai, akwai matasan Amurka, akwai 'yan mata da wasunsu ba su kai ƙanwata ta sakandare ba, su da sai a 2014 aka fara barin mata yin wannan tsallen a Olamfik. Ɗaya ya faɗi a gabanmu ya yi ta mirginawa, wurin ya yi tsit, ya miƙe ya ɗaga hannu, ƙararrawar da aka kaɗa masa ta fi ta kowa.

Azahar a can a watan Fabrairu tana shiga da sha biyu ta ɗan gota, la'asar wajen uku, don haka duk biyun a wurin za su same ka. Mun koma bayan mota muka shimfiɗa kwali a kan dusa, darduma a sama, muka fuskanci arewa maso gabas. Kwalin nan kada a manta shi, darduma kaɗai jiƙewa take. Ni na riƙe alwalata da ƙyar, don na rage shan shayi. Ƙanena da ya shanye gora guda sai da ya sake, da ruwan ɗumin da ya rage, yana yi yana karkarwa. Wani yaro ya tsaya yana kallonmu, babansa ya ja shi gefe ya jira muka sallame sannan ya buɗe motarsa da ke jikin tamu. Wajen abinci akwai rumfuna, amma a yi tambaya, don naman alade yana da yawa, kuma akwai rumfar giya a gefe guda. Mu dankali soyayye muka saya muka haɗa da dabinonmu.

Lahadi ce ranar gasar tunawa da Fred Harris, kuma ta zo min da sauƙi tunda na san dawan garin. Bayan an watse na tsaya aka naɗe igiyoyi aka kwashe shara har magariba ta kawo kai. Na mayar wa dattijuwar safarta a wanke. A hanya na kira Inna na tura mata bidiyo, ta kalla ta ce, “Kai kuma karatu aka tura ka ko kallon masu neman ajalinsu?” Na ce Inna gayya na je. Ta ce in dai gayya ce Allah ya ba da lada, amma kada ta ji na hau.

Wanda zai je, in kallo kawai zai yi, ba ya buƙatar ofishin kowa: tikiti, kayan sanyi na gaskiya, da mota. In zai yi aiki, ya fara da ofishin ɗaliban waje tun Nuwamba kafin hutu ya cinye masa mako biyu, ya karɓi amsa a rubuce, ya riƙa leƙa akwatin saƙonnin banza. Ya kira kamfanin haya da baki ya tambayi maganar kati kafin ya taka ƙafa. In an faɗa masa lamba ta yanayi ya cire 32 ya raba kusan biyu kafin ya zaɓi takalmi, kuma in yatsa ya daina ciwo ya nemi ɗumi nan take. Ya duba kalandar Musulunci ma, don akwai shekarun da azumi ke faɗowa cikin Fabrairu, yini a tsaye cikin wannan sanyin ba shayi kuwa wani lissafin ne. Ni dai shawarata a zaɓi ranar gyaran tudu ko da ba za a samu zuwa gasar ba, don a ranar ne na san mutanen garin, ranar gasa kowa tudu yake kallo. Duka-duka na kashe kusan dala 230, fiye da rabi a kayan da har yanzu nake sawa. Dala 200 ɗin da kamfanin haya ya riƙe kuwa sai da na kira sau biyu, ta dawo bayan kwana 11.